Maganar Aku da Maganar Ɗa: Nazari a kan Littafin Ron Suskind da Majigin da Aka Yi a Kansa

A cikin shekarar 2014 wani ɗan jarida na ƙasar Amurka mai suna Ron Suskind, wanda ya ci lambar Pulitzer a 1995 sa'ad da yake aiki a jaridar Wall Street Journal, ya buga littafi mai suna Life, Animated, inda ya ba da labarin gidansa na kimanin shekara 20. Bayan shekara biyu, watau a 2016, Roger Ross Williams ya shirya majigi na labarin gaskiya mai wannan suna, wanda ya sami lambar iya shiryawa a bikin Sundance, ya kuma shiga jerin waɗanda aka tsayar domin lambar Oscar. Littafin da majigin duka suna ɗauke da da'awa guda wadda ta shafi masu nazarin harshe da malaman da ke horon malamai, watau cewa yaron da magana ta ɗauke masa ya komo da ita ta hanyar haddace zantuttukan majigin zane na kamfanin Disney. Wannan da'awa tana da gaskiya a cikinta, amma an ba da ita da nauyin da ya karkata gefe guda, kuma wannan karkata ita ce abin da za a duba a nan.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Suskind da matarsa Cornelia suna da 'ya'ya maza biyu, Walt shi ne babba, Owen ƙarami. Sun tashi daga jihar Masacusets suka koma birnin Washinton a 1993, Owen yana gab da cika shekara 3. A wannan tsakani yaron da dā yake magana daidai da sa'o'insa ya yi shiru, ya daina duban mutane a ido, barci ya ƙaurace masa. Likitoci suka ce yana da abin da ake kira otizim. Gidajen rediyo na Hausa sukan fassara wannan da galahanga, amma kalmar tana tattara yanayi dabam-dabam waɗanda ba asalinsu ɗaya ba, saboda haka an bar ta a nan. Otizim bambanci ne na yadda ƙwaƙwalwa ke tasowa, yana taɓa hulɗa da mutane da amfani da harshe, yana kuma zuwa da tsananin shaƙuwa da wani abu guda. Tun ƙarshen shekarun 1990 masu wannan yanayi da yawa suke neman a ɗauke shi a matsayin bambancin ƙira, a daina kallonsa ta fuskar cuta kaɗai.

Abin da Owen ya shaƙu da shi shi ne majigin zane. Yakan zauna gaban talabijin da kaset na bidiyo, ya kalli wuri ɗaya, ya mai da kaset baya, ya sake kallo, ba ya gajiya. Wata rana iyayen suka gane cewa wani gunaguni da ya daɗe yana yi, wanda suka zaci ruwan lemo yake roƙo, ashe guntun maganar mayya ce ta cikin The Little Mermaid na 1989, daidai inda take neman yarinyar ruwa ta ba da muryarta a bakin biyan bukata. Suka yi murna ƙwarai, don a ganinsu yaron da ya rasa murya ya zaɓi maganar rashin murya. Da suka kai wa likita, sai ya kashe musu jiki, ya ce wannan maimaici ne kawai irin na amsa-kuwwa, kamar yadda aku yake yi.

A nan ne littafin ya taɓo tsohuwar gardama ta masana harshe, ko da yake marubucin bai bi ta har ƙarshe ba. Leo Kanner, likitan da ya fara bayyana otizim a 1943 bisa yara 11 da ya duba, ya lura da wannan maimaici, ya kuma lura cewa ba kullum yake zama fanko ba. Ya ba da misalin wani yaro wanda uwarsa ta taɓa tsawata masa kada ya jefo karensa na wasa daga saman bene. Daga baya duk lokacin da zuciyarsa ta raya masa ya yi jifa da wani abu, sai ya faɗi maganar nan ta uwarsa domin ya hana kansa. Baƙon da ya ji shi zai ce shirme yake yi, alhali kuwa wanda ya san asalin maganar ya san tana aiki. A 1981 Barry Prizant da Judith Duchan suka nuna, ta wajen ɗaukar yara a bidiyo suna bincika abin da ke kewaye da kowane maimaici, cewa yaran suna amfani da shi don roƙo, da amsa i, da karɓar juyi a zance, da tsara abin da za su yi. A 1983 kuma Ann Peters ta bayyana cewa ko yaran da ba su da otizim ba duka suke fara harshe da kalma ɗaya ɗaya ba. Waɗansu dunƙulallen zance suke ɗauka tare da karinsa, sa'an nan daga baya su farfasa shi su gane gaɓoɓinsa.

Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. Wanda ya ga maƙwabcinsa ya canza masa fuska, ya ce ruwa ba ya tsami banza, bai gina wannan jimla ba. A gine ya same ta, kuma ba ruwa yake nufi ba. Fasaharsa tana cikin sanin wurin da za a jefa ta. Amma akwai kishiyar wannan, ita ma sananniya ce a Kano da Zariya da Maradi tun zamanin gidajen sinima: saurayin da ya haddace waƙar majigin Indiya daga farko har ƙarshe, da lafazi mai kyau, bai kuwa san inda kalma ɗaya ta ƙare wata ta soma ba. Dukansu biyu haddacewa suka yi. Abin da ya raba su shi ne na farko yana da wanda ya faɗa wa, wanda zai gane ya mai da amsa. Tambayar da ta kamata a yi wa littafin Suskind ke nan: yaushe haddar Owen ta tashi daga irin ta biyu ta koma irin ta farko, kuma wa ya mai da ita?

Wurare biyu mafi kyau a littafin su ne suka ba da amsa, ko da marubucin bai ja layi a ƙarƙashinta ba. Na farko ranar bikin cikar Walt shekara 9 ne, Owen yana da shekara 6 da 'yan watanni. Bayan baƙi sun watse aka ga Walt yana hawaye. Sai Owen ya biyo iyayensa madafi ya gaya musu, cikin cikakkiyar jimla, cewa wansa ba ya son girma ne, ya kuma kwatanta shi da Mowgli da Peter Pan. Wannan jimla babu ita a cikin kowane majigi. Yaron ya ɗauki halin mutanen zane biyu daga majigi biyu, na 1967 da na 1953, ya auna shi da halin ɗan'uwansa, ya fito da hukunci nasa. Tun da Noam Chomsky ya yi wa littafin B. F. Skinner raddi a 1959 ake ɗaukar iya gina jimlar da ba a taɓa ji ba a matsayin alamar mallakar harshe, kuma ga ta nan sarai.

Na biyu ya biyo baya a daren. Uban ya sami ɗan tsana na Iago, akun da ke cikin Aladdin na 1992, ya sa a hannu, ya ɓuya a gefen gado, ya kwaikwayi muryar akun ya tambayi ɗansa yadda yake ji. Owen ya juyo ya amsa wa akun cewa ba ya jin daɗi, ba shi da abokai, ba ya gane abin da mutane ke faɗi. Suka ci gaba da zance, wanda shi ne na farko tsakaninsu tun yaron yana ɗan shekara 2. Mai karatun da ya tashi da Magana Jari Ce zai yi murmushi a nan, don ya riga ya san aku mai riƙe ɗan sarki da labari. Abin da ya fi ɗaukar hankali kuwa shi ne tsuntsun da likita ya yi misali da shi don ya nuna maganar banza, shi ne ya zama ƙofar magana mai ma'ana. Amma a lura da wanda ya yi aikin. Kaset ya yi shekara 3 yana juyawa bai taɓa tambayar Owen kome ba. Sai da mutum ya shiga rigar akun, ya yi tambaya, ya jira amsa.

Daga nan iyalin suka mai da ɗakin ƙasa na gidansu dandalin wasa, kowa ya ɗauki muryar wani, suna maimaita zantuttukan majigi da dare, suna sauya su kaɗan kaɗan har su dace da abin da ke faruwa a gidan. Owen ya koyi karatu ta wajen bin sunayen ma'aikata da ke bayyana a ƙarshen majigi. Da wata makaranta ta ce ba za ta iya ci gaba da riƙe shi ba, ya shiga zana 'yan rakiyar jarumi, watau irin su Iago da sauran masu taimakon jarumi ya cika burinsa, ya ɗauki kansa mai tsaronsu. Wannan sashe an rubuta shi da kyau, ba tare da neman hawayen mai karatu ba, kuma shi ne inda aka fi jin muryar yaron da kansa.

Raunin littafin yana wajen rabon yabo. Akwai lokacin da Cornelia ta cire Owen daga makaranta ta koyar da shi da kanta, domin ta kai shi matsayin da zai iya shiga makarantar sakandare. Aiki ne na kowace safiya: lissafi, da karatu, da koyon zama wuri ɗaya, da fita cikin gari a gwada abin da aka koya. Ita ce kuma take kai shi wurin masu gyaran magana da likitocin hali shekara da shekaru, mijin yana tafiye-tafiyen aikin jarida da rubuta littattafai a kan siyasar Amurka. Suskind bai ɓoye wannan ba, yana yaba matarsa a wurare da yawa, ya kuma nuna cewa da ita aka tuno abubuwan da ke cikin littafin. Duk da haka hannun ɗan jarida ya fi ƙarfi a kan lokacin da abu ya fashe farat ɗaya, kamar daren aku, ya fi rauni a kan aikin da ba shi da rana takamaimai. Malamin da ke neman sanin yadda aka bi aka mai da dunƙulallen zance ya zama harshen da za a yi lissafi da shi, wace dabara aka gwada ta ƙi, wace aka riƙe, zai tashi da ƙishirwa. In an kwatanta da The Siege na Clara Claiborne Park, wanda ya fito a 1967, inda uwa ta bi kalmomin 'yarta ɗaya bayan ɗaya tana rubuta yadda kowace ta shigo, sai a ga abin da aka rasa. Park ta yi rubutunta a shekarar da Bruno Bettelheim ya buga littafinsa mai ɗora laifin otizim a kan sanyin zuciyar iyaye mata, ra'ayin da bincike ya rushe tuntuni. An daina zargin uwa, amma har a littafin 2014 aikinta yana bayan labule, majigi yana gaba.

Wajibi ne kuma a faɗi cewa wani reshe na kamfanin Disney ne ya buga littafin. Marubucin ya bayyana cewa kamfanin bai sa hannu cikin abin da ya rubuta ba, kuma babu dalilin ƙaryata shi. Amma labarin da ke cewa kayan kamfani sun buɗe bakin yaro labari ne da kamfanin zai so, kuma shi ne ya fi saurin yaɗuwa. Suskind ya ci gaba da tallata ra'ayin cewa a bi abin da yaro ya shaƙu da shi a mai da shi hanyar koyarwa. Shawara ce mai kyau ga malami, mai sauƙin gwadawa ko a ajin da ba shi da lantarki, ko da shaƙuwar yaron da motoci ce ko da lambobi. Sai dai labarin yaro ɗaya ba ya zama hujja ga dukan yara. Owen ya yi magana kafin ta ɗauke. Yana da iyaye biyu masu ilmi da hali, da wa mai haƙuri, da ƙwararru da dama da ake biya. Yara da yawa masu otizim suna kallon majigi kamar yadda ya kalla, ba su kuma kai ga jimla irin ta ranar bikin Walt ba, kuma iyayensu ba su gaza da kome ba.

Majigin Williams ya gyara wani abu, ya ɓata wani. Ya ɓata ta wajen taƙaita shekarun wahala zuwa 'yan mintoci, har mai kallo ya ga kamar daga daren aku sai magana ta zubo. Ya gyara ta wajen ba Owen bakinsa. A littafi uba ne ke magana a madadin ɗa daga farko har kusan ƙarshe, abin da ke da ɗan nauyi a labarin da jigonsa murya ce. A majigi kuwa ana ganin Owen yana da shekara 23, yana gama makaranta, yana komawa ɗaki nasa, yana jawabi a wani taro a birnin Rennes na ƙasar Faransa. Mai nazarin harshe zai iya jin da kunnensa inda karin maganarsa ke hawa irin na mutanen zane da inda yake sauka ya zama nasa, abin da takarda ba ta iya nunawa. Labarin 'yan rakiya da Owen ya ƙaga ma an zana shi ya motsa, ya zama shi ne marubuci a cikin majigin da aka yi a kansa.

Williams ya kuma yi abin da littafin ya yi shakkar yi, ya nuna inda hadda ta ƙare. Budurwar Owen ta rabu da shi, ya rasa zancen da zai ɗauko ya sa wa abin, don majigin da ya sani suna rufewa ne a daidai inda masoya suka haɗu. Akwai wurin da Walt yake ƙoƙarin yi masa bayanin abin da ke tsakanin namiji da mace bayan wannan haɗuwa, ya rasa misalin da zai kawo daga Disney, zancen ya tsaya a tsakiya. A wani wurin Walt yana zaune shi kaɗai yana faɗin abin da ke hana shi barci, watau ranar da iyayensu za su kau, ƙanensa ya rage a hannunsa.