Kunnen da ke jin muryar azurfa

Ranar kasuwar Acida na ga wani dattijo, maƙerin fari, ya karɓi wata faffaɗar kwandala daga hannun wata Bafulatana. Bai tsaya dubanta ba. Ɗora ta ya yi a kan ɗan yatsa, ya ƙwanƙwasa gefenta da wani sule, ya kai kunne. Ƙarar ta daɗe tana tafiya, siririya, kafin ta mutu. Ya jinjina ta a tafin hannu, ya bi bakinta da farce, sannan ya ce, "Inna, wagga liyari ce ta ƙwarai. Kar ki yarda kowa ya narka maki ita."

Liyari ita ce dalar azurfa mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya. Kusan kowace ka ɗauka za ka ga 1780 a jikinta, shekarar da sarauniyar ta rasu, domin an ci gaba da buga ta da wannan lamba a Biyana da Landan da Roma da Bombai, tunda fatake sun ƙi amincewa da wadda aka sauya wa kama. Saboda haka wanda ya ce maka liyarinsa ta haura shekara 240 don ya karanta lambar, bai fara sanin abin ba. Masani nauyi yake bi, giram 28. Yana laluben rubutun da ya taso a kewayen bakinta, yana ƙirga 'yan ƙwayoyin da ke jikin maɓallin kafaɗar sarauniyar. Ta jabu kuwa zuba ta ake yi a gurbi, sai ka tarar da ɗan layi a gefe da ƙananan ramuka kamar zanzana, in an buga ta kuma ta ce ƙwas, ta yi shiru.

Da irin wannan dala ake auna wuri a zamanin da Wurno take mazaunin Sarkin Musulmi. Bature Barth, wanda ya sauka garin a 1853 lokacin Aliyu Babba, ya tarar a Kano ana ba da wuri 2,500 a kan dala guda. Ka ƙiyasta wuyar mai ƙirga keso, wuri 20,000, a zaune bisa tabarma. Har yau kalmar kuɗi, ko kuɗɗi a bakin Basakkwace, jam'in wuri ce.

Ni dai inda gwanintar ta fi burge ni shi ne wajen kuɗin Turawa, waɗanda kusan kowane tsohon gida a Rabah ko Goronyo ba ya rasa 'yan ƙwaya a gindin adaka ko cikin tsohuwar kumbo. Anini da ɗari da kwabo masu huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci, sun fara shigowa tun wajen 1907. Sule mai bishiyar kwakwar manja ya fito a 1913 da azurfarsa, daga 1920 aka koma buga shi da tagulla. Shi ya sa maƙera ke farautar na farkon don zobe da awarwaro, shi ya sa kuma ya yi ƙaranci. Gwani kan karkata kwabo ga hasken rana yana neman harafin H ko KN, ƙanana kamar ƙwayar gero, alamar masana'antar da ta buga shi a Birmingham. In ya ci karo da na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, sai ya ware shi gefe: wannan sarki bai cika shekara a gadon sarauta ba, a Ingila ma kuɗinsa bai shiga hannun jama'a ba, amma a nan an kashe shi a kasuwa.

Wannan ido da kunne su ne jarin masu tara kuɗin Girka na dā, waɗanda ake gwanjonsu a Landan da Zurik. Su da guduma aka buge su ɗaya bayan ɗaya, don haka babu biyu da suka yi daidai. Mafi shahara shi ne na birnin Atina, kimanin giram 17 na azurfa, mai hoton mujiya da manyan idanu. Tsuntsuwar da mu ke kora daga kan katanga ita ce su suka ɗauka alamar hikima! Sunan kuɗinsu kuwa, darakma, shi ya bi ta Farisa da Larabawa ya zama dirhamin da malamanmu ke lissafin nisabin zakka da shi, dirhami 200.

Abin da ke ɓata wa gwanaye rai a ko'ina ɗaya ne: mai gida ya ga kwandala ta yi duhu ko tagulla ta yi kore, sai ya ɗauko toka da lemun tsami ya dirje ta fes. Wannan dattin da ya kankare shi ne shaidar shekarunta, kuma da shi rabin darajarta ya tafi. In kana da irin waɗannan a gida, naɗe kowace a ƙyallenta daban, ka nisanta su da danshi, ka tambayi tsohuwar da ta ajiye su daga ina suka fito tun tana da rai, ka rubuta a takarda ka haɗa da su.