Windows 11 da kwamfutocin da aka yi wa ritayar dole

Idan kwamfutarka tana aiki da Windows 10, wataƙila ka sha ganin wani saƙo ya mamaye maka fuskarta yana cewa lokacin komawa Windows 11 ya yi. Ka latsa domin ka koma, sai a ce maka na'urarka ba ta cika sharuɗɗa ba. Alhali jiya-jiyan nan ka gama rubuta rahoto da ita, ka kalli bidiyo, ka tura saƙonni, ko gezau ba ta yi ba. To mai karatu, zo mu duba wannan hukunci da kamfanin Microsoft ya yanke, mu ga inda yake da hujja da inda hujjar ta yi rauni. Daga nan mu auna shawarar da masoya Linux ke ba ka, don ita ma akwai abin cewa a kanta.

Windows 10 ta fito a watan Yulin 2015, kuma a ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina kula da ita kyauta ga kowa da kowa. Kwamfutarka za ta ci gaba da kunnuwa kamar kullum. Abin da ya tsaya shi ne sabuntawar tsaro da ake turo mata wata-wata. Babbar manhaja irin Windows layukan umarni ne miliyoyi, kuma ba a raba ta da kurakurai. Duk kuskuren da aka gano ƙofa ce ga 'yan dandatsa har sai an toshe ta. Kada ka ɗauki wannan da wasa. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Ƙofar da ta bi, tun watan Maris na shekarar Microsoft ya fitar da abin toshe ta. Waɗanda ba su sabunta ba su ne suka ji a jikinsu.

Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, ta zo da sharuɗɗa. Wasunsu masu sauƙi ne: ram mai gigabait 4 da ma'adana mai gigabait 64. Biyu ne suka tare hanya. Na farko TPM 2.0, wani ɗan ƙaramin sashe da ke ajiye makullan sirri daban da sauran kwamfutar, ta yadda ko ɓarawo ya cire ma'adanarka ya jona ta a wata na'ura, ba zai iya karanta abin da aka kulle ba. Na biyu jerin masarrafai da aka amince da su: a ɓangaren Intel daga zubi na takwas zuwa sama, wanda ya fara fitowa a 2017, a ɓangaren AMD kuma galibi daga Ryzen 2000.

A faɗi gaskiya, sharaɗin TPM yana da ma'ana. Tsaron da aka dasa a jikin ƙarfe ya fi wanda manhaja kaɗai ke riƙe da shi wuyar karyawa. Matsalar tana wajen jerin masarrafan. Akwai ɗimbin kwamfutoci masu zubi na shida da na bakwai na Intel da ke ɗauke da TPM 2.0 lafiya lau, amma an bar su a waje. Da aka matsa wa kamfanin da ƙorafi, a watan Agustan 2021 ya ƙara wasu 'yan masarrafai na zubi na bakwai a jerin. Cikinsu har da Core i7-7820HQ, wadda ke cikin Surface Studio 2, wato kwamfutar da Microsoft da kansa yake sayarwa da tsada a lokacin. Kai ma ka yi wa kanka alƙalanci: idan zubi na bakwai bai da aminci, me ya wanke wannan?

Kamfanin ya kawo alƙaluma don kare kansa. Ya ce na'urorin da ba su cika sharuɗɗa ba sun fi sauran yawan faɗuwa, irin wadda fuska ke komawa shuɗiya, da kashi 52 cikin ɗari. Adadin yana da ban tsoro in ka ji shi shi kaɗai. Amma a wuri guda ya ce waɗanda suka cika sharuɗɗan suna aiki ba faɗuwa da kashi 99.8 cikin ɗari. Ɗauki alƙaluman biyu a haɗe ka yi lissafi: biyu cikin dubu kenan a nan, ƙarin kashi 52 kuma ya kai mu wajen uku cikin dubu a can. Duk lokacin da aka ce maka abu ya ƙaru da kashi kaza, tambayi daga nawa ya tashi. Bambancin ɗaya cikin dubu bai kai a ce mutum ya jefar da na'urar da ya tara kuɗi ya saya ba.

Akwai wani abin kuma. Microsoft bai daina rubuta gyaran Windows 10 ba, sayar da shi yake yi. Mai kwamfuta a gida zai iya biyan dala 30, ko ya haɗa na'urarsa da asusun Microsoft ya riƙa ajiye saitunansa a can, ya samu ƙarin shekara guda zuwa 13 ga Oktoban 2026. Kamfanoni suna iya sayen har shekara uku. Wani nau'in Windows 10 da aka keɓe wa na'urorin masana'antu ma zai ci gaba da samun gyara har Janairun 2032. Ashe dai maganin yana nan cikin shago, ƙofar ce aka sa wa kwaɗo.

Wa zai ɗauki nauyin wannan? A ƙarshen 2023 kamfanin bincike na Canalys ya yi ƙiyasin cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 na iya zama shara saboda waɗannan sharuɗɗa. Ga shi dama rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna an zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62 a 2022, kuma abin da aka tattara aka sake sarrafawa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Kwamfutocin da ofisoshin Turai da Amurka suka sallama su ne ke zama na hannu a kasuwanninmu, daga Ikeja a Legas har Kano. Irin su HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470 na'urori ne masu ƙwari, amma zubi na shida ne. Za ka iya tarar da Windows 11 a kansu, domin akwai hanyoyin tsallake binciken sharuɗɗan, kamar ta manhajar Rufus. Tana aiki kuwa. Sai dai Microsoft ya faɗa a fili cewa bai yi wa irin wannan na'ura alƙawarin sabuntawa ba. Don haka in za ka saya, duba sunan masarrafar da idonka. A irin waɗannan tsofaffin masarrafai, lambar farko bayan ɗan layi ita ce zubin: i5-6300U na shida ne, i5-8250U na takwas. Na shida ba laifi ba ne a saye shi, amma ka san abin da ka saya, kuma farashin ya nuna hakan.

Yanzu ga abokanmu masu sha'awar ƙwaƙule-ƙwaƙulen kwamfuta. Da ka buɗe baki da wannan kuka, amsarsu a shirye take: ka koma Linux mana! Suna da gaskiya fiye da yadda mutane ke zato. Linux, wadda Linus Torvalds ya faro a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, ta daɗe da wuce zamanin baƙin allo da rubuta umarni kaɗai. Linux Mint, misali, fuskarta ba ta da nisa da ta Windows, tana tashi da ram mai gigabait 2 ko da yake 4 ya fi daɗi, kyauta ce, kuma zubi na 22 zai samu gyara har 2029. Akwai tsarin allon rubutu na Hausa a ciki, mai ƙ da ɗ da ɓ. Ɗalibin da aikinsa bincike a intanet ne, da rubutu, da lissafi da Python ko R, zai iya shekara bai ji kewar Windows ba.

Inda suke tauye maka gaskiya shi ne wajen ɓoye wahalar. Mai shagon buga katin biki da fosta, abincinsa yana cikin CorelDRAW ne, kuma babu ita a Linux. Haka Photoshop da AutoCAD. LibreOffice tana buɗe fayilolin Word, amma kundin digiri mai jadawali da lambobin shafi yakan ɗan karkace, kuma malamin da zai duba shi ba ruwansa da wace manhaja ka yi amfani da ita. Sannan in firinta ta ƙi magana, mai gyaran unguwarku da wuya ya taɓa ganin Linux. Wanda ke jin daɗin kwana yana neman bakin zaren matsala ya manta cewa yawancin mutane so suke su gama aiki su rufe na'ura. Ko birnin Munich na Jamus, da ya mayar da dubban kwamfutocinsa kan Linux da ma'aikatansa na fasaha da kasafin kuɗinsa, majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows a 2017. Jihar Schleswig-Holstein kuma a 2024 ta sanar da ɗaukar hanyar barin Microsoft da kwamfutoci kusan 30,000. Abu ne mai yiwuwa, amma yana son shiri.

To me za ka yi? Fara da rubuta manhajoji biyar da ba ka iya kwana ba ka buɗe su ba. Idan duk suna da madadi, samu filas mai gigabait 8, ka ɗora Linux Mint a kai, ka tayar da kwamfutar daga filas ɗin ba tare da ka goge komai ba. Gwada wayafai, da sauti, da firinta, da fayilolinka na gaske. Kafin ka girka ta dindindin, kwafe duk abin da kake ji da shi zuwa wata ma'adana daban. Idan kuwa sana'arka ta ɗaure ka da Windows, ka tabbata na'urar tana samun sabuntawar tsaro ta halastacciyar hanya, ka fara tanadin mai zubi na takwas ko sama. Abin da bai kamata ba shi ne ka ci gaba da shiga asusun bankinka da Windows ɗin da aka daina toshe wa ƙofofi, kana cewa ai har yanzu tana aiki.