4.3 Raha a Matsayin Mafakar Ɗan Siyasa

A sashen da ya gabata an yi bayanin zubi da tsarin shirin kacici-kacici na Have I Got News for You, wanda gidan talabijin na BBC ya fara nunawa a Ingila a shekarar 1990. A nan kuma za a duba yadda shirin yake tafiyar da 'yan siyasar jam'iyyu masu hamayya da juna, domin a gano ko raha tana tona asirinsu ne ko kuwa tana rufa musu.

Jigon shirin shi ne zambo. Jagororin ɓangarorin biyu, wato Ian Hislop da Paul Merton, sukan ɗauko labaran mako su mayar da su abin dariya, kuma makin da ake bayarwa ba shi da wani muhimmanci. Alal misali, a 1993 Roy Hattersley na jam'iyyar Leba ya ƙi halarta, sai aka ajiye kwanon kitse a mazauninsa. Wannan ya nuna cewa shirin ba ya shakkar manya.

To sai dai akwai rauni a wannan salo, kuma Boris Johnson na jam'iyyar Konsabatib shi ne babban misali. A zuwansa na farko cikin 1998, Hislop ya tayar masa da maganar wata hira ta wayar tarho, inda wani abokinsa ya nemi adireshin wani ɗan jarida domin a yi masa dūka. Johnson ya yi ta in'ina da kame-kame, 'yan kallo suka fashe da dariya, magana ta wuce. Hausawa na cewa da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya, amma a nan gaskiyar ce ta koma wasa. Bayan an sallami mai gabatarwa Angus Deayton a 2002, Johnson ya shiga sahun baƙin da suka riƙa gabatar da shirin. Daga bisani ya zama magajin garin Landan a 2008, sannan firayim minista daga 2019 zuwa 2022.

Ba za a ce shirin ne kaɗai ya kai shi waɗannan muƙamai ba. Abin da wannan nazari ya lura da shi shi ne, tsarin kacici-kacici ba ya ba da damar bin diddigin tambaya kamar yadda hirar jarida take yi, domin da zarar an yi dariya sai a wuce zuwa tambaya ta gaba. Saboda haka ɗan siyasar da ya iya yi wa kansa ba'a yakan fita da farin jini, ko da laifin da aka ambata babba ne. Ke nan zambon ya fi cutar da mai jin kunya a kan wanda ba ya jin ta.