Ganau da Jiyau a Labarin Lugu

Duk yaron da ya yi lakwal a Dogondutsi ko Tibiri ya san Sarauniya Mangu, ya san an gwabza a Lugu cikin Afrilun 1899 tsakanin mutanenta da rundunar Nasara ta Voulet da Chanoine. Tambayar da ba kasafai ake yi ba ita ce, wa ya faɗa? A nan ake gane malamin tarihi da ya iya aikinsa, kuma irinsa ya cancanci jinjina.

Aikinsa na farko shi ne tankaɗe. Surar Sarauniya da ke kan yawancinmu ta fito ne daga littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986. Gwanin malami ba ya wulaƙanta su, amma yakan sa yara su yi lissafi: shekara 81 ke tsakanin yaƙin da littafin, kuma ƙagaggen labari ne. Shaida ce a kan yadda Nijar mai ƴanci ta so ta tuna da jarumarta. Sai ya ɗauko wanda ke cikin rundunar, Laftanar Joalland, mai littafin Le Drame de Dankori na 1930. Shi ma ba a haɗiye maganarsa ɗanya, don ya yi rubutun ne bayan duniya ta ji yadda rundunar ta ƙone garuruwa, ta kuma harbe Kanar Klobb, hafsan da aka turo ya tsayar da ita, ranar 14 ga Yulin 1899. Mai neman wanke kansa ne ke riƙe da alƙalami. Takardun sojan sun ƙirga nasu matattun, mutum 4, sun ƙirga harsashin da suka ƙona. Malam yakan karanta wa aji rabin shafi, ya ajiye, ya ce, "To, su wa aka manta ba a ƙirga ba?"

Mafi wuya shi ne bakin tsofaffi. Ana zuwa da goro, a tuɓe takalmi, a yi gaisuwa har ta ƙare. Kafin labari ya yi nisa sai ka ji malam ya sa baki cikin ladabi: "Baba, a bakin wa kuka ji wannan?" Ba rashin yarda ba ne. Fim da rediyo sun riga sun koma ƙauye, har tsoho kan ba ka labarin Mamani yana tsammanin na kakansa ne. Shi ya sa Histoire Mawri na Marc-Henri Piault ke da daraja: ya fito a 1970, abin da ke ciki an ji shi tun ba a rubuta littafin Mamani ba. Haka faya-fayan da ke ajiye a cibiyoyin bincike na IRSH da CELHTO a Yamai.

Kuma ba ya tsayawa a zaure ɗaya. Gidan Sarkin Arewa na danganta asalinsa da Barno. Gubawa masu ƙasa, mutanen Sarauniya da Bauran Bagaji, da nasu zancen a kan wanda ya riga wani zuwa. Makaɗin fadar Samna a Tibiri zai jero maka sarakuna ba gargada, amma kirari aikinsa yabo, ba a sa ran ya ambaci ranar da aka sha kashi.

Bayan duk wannan wahala, darasi awa ɗaya ne, aji cike maƙil, sau da yawa ba abin fotokofi. Sai ya zaɓi gajerun shaidu biyu da suka saɓa wa juna, ya rubuta su a allo, kowace da sunan mai maganar, da shekarar da ya yi ta, da wanda ya yi wa ita. Aikin gida kuwa, kowa ya je wurin kakarsa ya rubuto abin da ta sani game da zuwan Nasara, tare da sunan wanda ya ba ta labarin.