Maɓallan Yanke a Manhajar Rubutu: Wa Aka Tsara Wa Su?

Duk wanda ya saba rubutu da na'ura mai ƙwaƙwalwa ya san cewa akwai wasu maɓallai da ake dannawa biyu-biyu ko uku-uku a lokaci guda don a gaggauta aiki, kamar a adana rubutu, ko a kwafi jimla, ko a soke kuskure. Su ne muka kira maɓallan yanke, domin kuwa yanke suke yi wa marubuci, su hutar da shi doguwar hanya. Kowace manhajar rubutu takan zo da nata tsari na asali, kuma ko da yake an ba mutum damar sake shi, galibin jama'a a yadda suka tarar da shi suke barinsa. Ke nan wanda ya zaɓi tsarin asali ya yanke hukunci ne a kan yatsun miliyoyin mutanen da bai taɓa gani ba. Manufar wannan maƙala ita ce a auna ma'aunan da aka bi wajen wannan zaɓi, a ga inda suka yi daidai da inda suka gaza.

Ma'auni na farko shi ne gado. A shekarar 1976 Bill Joy ya fara aikin manhajar nan da aka sani da vi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. A cikinta, baƙaƙen h da j da k da l su ne ke kai alamar rubutu hagu da ƙasa da sama da dama. Dalili kuwa shi ne, na'urar da yake aiki da ita, wato ADM-3A, an zana mata kibau ne a kan waɗannan maɓallai huɗu. Na'urar ta daɗe da shiga tarihi, amma tsarin yana nan daram a Vim da sauran magadanta. Ba za a ce zaɓin banza ba ne, tun da yake yatsu ba sa barin layin tsakiya. Sai dai hujjarsa ta farko ta ɓace, sabo ne ya riƙe shi.

Ma'auni na biyu shi ne harafin farko na sunan aiki. Emacs, wadda ita ma ta samo asali a 1976, ta ɗora matsawa gaba a kan Ctrl da F, matsawa baya a kan Ctrl da B, saboda da waɗannan baƙaƙe kalmomin suka fara a Ingilishi. Haka S na adanawa da B na kaurara rubutu a Microsoft Word. Wannan taimako ne ga mai jin Ingilishi kaɗai. Kamfanin ma ya gane haka, shi ya sa a Word ta Faransanci G ke kaurara rubutu, a ta Sifaniyanci kuwa N ce, G kuma ta koma adanawa. To amma maganin ya haifi wata cuta, domin wanda ya tashi daga wannan na'ura ya koma waccan sai yatsunsa su yaudare shi.

Ma'auni na uku, wanda a ganinmu ya fi sauran hikima, shi ne mazaunin maɓalli. Larry Tesler ne ya yi fice wajen ƙirƙiro dabarar yankewa da kwafewa da liƙawa a cibiyar binciken Xerox, sa'an nan kamfanin Apple ya ɗora ayyukan a kan X da C da V, tare da Z ta soke kuskure, a na'urorin Lisa ta 1983 da Macintosh ta 1984. Huɗun suna jere a layin ƙasa, hannun hagu ya ishe su, kuma ba sai mutum ya ji wani harshe ba kafin ya riƙe su. Ga Bahaushe ma akwai ƙarin sa'a, tun da X da V ba sa cikin abjadin boko. Amma fa wannan hikima ta dogara ne a kan allon QWERTY. A allon AZERTY na Faransa, wanda ake amfani da shi a Jamhuriyar Nijar, Z ta hau sama, W ta gaje wurinta. Ctrl da W kuwa, a manhajoji da dama, rufe takarda suke yi. Saboda haka marubucin Kano da ya zauna gaban na'urar Damagaram, in ya kai hannu zai soke kuskure, yana iya rufe aikinsa.

Babban gibin da ke cikin ma'aunan uku shi ne, duk sun ɗauka cewa baƙaƙe 26 sun ishi kowane harshe, abin da ya rage na maɓallai kuma ganima ce ta mai tsara manhaja. Harsuna da yawa suna fitar da ƙarin baƙaƙensu ta hanyar maɓallin AltGr, shi kuwa Windows yana ɗaukarsa tamkar Ctrl da Alt ne a haɗe. A 2015 Marcin Wichary ya bayyana yadda harafin ś na harshen Folan ya ƙi fitowa a manhajar rubutu ta Medium: masu tsarawa sun tare Ctrl da S saboda wata bukata tasu, ba su lura sun haɗa da harafin wata al'umma ba.

Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye. Mazaunin da hankali zai fi karɓa ga ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ ta rubutun Nijar, shi ne kan b da d da k da y tare da AltGr. Amma a Word, alal misali, Alt da Ctrl da D an riga an ba su aikin sanya bayanin ƙarshen takarda. Idan umurni da harafi suka yi takara a kan maɓalli ɗaya, marubuci yakan gaji ya watsar da ƙugiyar. Daga nan sai ƙafa ta zama kafa, baƙi ya zama baki, ƙasa ta zama kasa. A zamanin tafireta sakatare yakan bi takarda da alƙalami yana sa ƙugiya. Abin takaici ne a ce na'urar da ta fi tafireta iyawa ta mai da mu baya.

Ra'ayinmu shi ne a jera ma'aunan kamar haka. Harafi ya riga umurni, domin rubutu shi ne aikin manhajar rubutu, saura duk hidima ce. Kada tsarin asali ya taɓa haɗin Ctrl da Alt tare da baƙi. Na biyu, abin da jama'a suka riga suka saba da shi, irin su X da C da V, a bar shi yadda yake. Na uku, umurnin da ke iya jawo hasara, kamar rufe takarda, a nisanta shi daga waɗanda ake dannawa kullum, kuma a gwada shi a kan allo fiye da ɗaya. Harafin farko na kalma shi ne zai zo a ƙarshe.

Masana harshe da malaman makarantu su ma suna da nasu alhaki. Muddin ba a yi ittifaƙi a kan tsari ɗaya na fitar da baƙaƙe masu ƙugiya an koyar da shi a aji ba, mai tsara manhaja ba zai san maɓallan da ya kamata ya kauce wa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yatsun ɗalibai kuwa yanzu suke koyon hanya.