Gidan Makama da Tarihin Manoman Arewacin Kano

Mutumin Dambatta ko Bichi ko Dawakin Tofa, in ya shigo birni ya biya Gidan Makama, lalle ba zai yi da-na-sanin tafiyarsa ba. Gidan kansa abin kallo ne, gama an ce Muhammadu Rumfa, wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499, ya zauna a cikinsa tun yana Makama. A ciki akwai tsofaffin ƙyauren ƙofofin birni, da kayan yaƙi, da hotunan sarakuna, da labarin shigowar Turawa a 1903. Hukumar gidajen tarihi ta Tarayya ce ke riƙe da shi, ta kuwa kyauta.

Amma fa tarihin da gidan ke bayarwa na fada ne, kamar yadda littafin Tarihin Kano yake, wanda Palmer ya juya da Turanci a 1908: wane ya hau, ya yi yaƙi, ya yi shekara kaza, ya rasu. Kayan noma suna nan an ajiye, sai dai garma a jingine ba ta faɗin kome. Ba ta gaya wa yaro yadda kakanninsa suka yi ta noma gona guda shekara da shekaru, ba hutu, ba ta kuwa mutu ba. Asirin abin taki ne. Da rani jakuna kan shiga birni da itace, su komo da mangaloli cike da shara da toka da kashin awaki, a zuba tsibi-tsibi a gona. A haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa wuri ɗaya, a bar gawo tsaye domin yana kaɗe ganyensa da damina, ba ya tare wa shuka rana. Wannan hikima ce ta jawo masana irin su Michael Mortimore suka zo bincike tun wajen 1960 da 'yan kai. Dalar gyaɗa da ake alfahari da hotonta, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga irin waɗannan gonaki aka tara ta buhu-buhu, amma sunan attajiri kaɗai aka riƙe.

Masu tsaron wannan sashe na tarihi suna can ƙauye, ba mai biyansu ko anini: limamin da ke adana kundin kakansa a gafaka, da dagacin da ya haddace sunayen magabatansa, da maƙerin da bai yar da tsohuwar uwar maƙera ba. Zaure guda ya ishe su tara abin da ke hannunsu, in matasan gari da malaman makaranta suka ɗauki aikin don Allah. Baƙon da ya ziyarce su kuwa, taimakonsa shi ne ya zauna ya saurara, ya kawo gudummawar yaɓe kafin damina, ya ɗauki hoton kundi ya bar wa mai shi abinsa. Wanda ya saye takarda ya tafi da ita birni ya yi ɓarna, ko da da kyakkyawar niyya.

Su ma masu aikin sa kai akwai inda za su yi hattara, watau son kai, don kowa gidansu yake wasawa. Labarin Ɗan Tunku, wanda ya kafa sarautar Kazaure, ya kuma kara da Sarkin Kano Ibrahim Dabo bayan hawansa a 1819, ba lalle ya zo daidai a bakin mutumin Dambatta da na Kazaure ba. Sai a rubuta duka biyun, kowanne da sunan wanda ya faɗa, da garinsu, da shekarar da aka ji daga bakinsa. Haka kuma kowace fartanya da sungumi a liƙa musu takarda mai sunan maƙerin da ya ƙera su da gonar da suka yi aiki.