Baƙon Launi a Fuskar Zaure

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Jos ta Tudun Wada da Doguwa, ko ya ratse Bebeji da Kiru, ya ga yadda fenti ya canja fuskar zauruka. Magina na dā launinsu kaɗan ne: jar ƙasa, da farar ƙasa, da makuba wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa. Da waɗannan su ke fito da dagi, inuwar zanen kuwa ita ke cika sauran aikin.

Yanzu mai fenti ya gaji da kore da shuɗi, sai ya ɗauko ruwan hoda ko shunayya domin ya sabunta hannunsa. Ban ga laifinsa ba, ido ma yana gajiya da abu guda. Na taɓa ganin wani zaure da aka bar shi da launin ƙasa, aka ja siririn layin ruwan goro a bakin ƙofa kaɗai. Kai, ya yi kyau ƙwarai, don baƙon launin ya sami wurin zama.

Amma fa wasu sukan zuba launi biyar a kan dagi ɗaya, har mutum ya kasa gane inda igiyar zanen ta shiga da inda ta fita. Sa'an nan fentin mai ba ya barin bangon laka ya sha iska. Damina ɗaya ko biyu sai ya kumbura ya ɓare, maigida ya sake biyan kuɗi. Ruwan hoda kuwa, da ƙurar hunturu ta hau shi, sai ya koma kamar tsohon zane.